Sito ɗin da ƙofarsa ta daina buɗuwa: wata goma na faɗa da tarkace a wani gida

Yadda gidan yake

Gida ne mai ɗaki uku da falo, mutum shida a ciki: mata da miji, yaransu uku, sai ƙanin mijin da yake karatu yana zaune tare da su. Matar yayata ce, ba zan faɗi sunanta ba don ta ce in na kuskura ta daina ba ni labari, Yaya kawai zan riƙa cewa kamar yadda nake kiranta. Ranaku da awon da za ku gani a ƙasa daga hotunan wayarta na ɗauko su, da wani ɗan littafi da ta fara rubutu a ciki daga baya, wasu abubuwan kuma ina tsaye aka yi su.

Sito ɗin yana tsakanin banɗaki da ɗakin yara. Faɗinsa mita 1.2, zurfinsa mita 1.8, daga ƙasa zuwa silin mita 2.6. Ba taga, ba fitila. Ƙofar katako ce mai faɗin santimita 70, kuma ta ciki take buɗewa. Kanta ɗaya tal suka tarar a ciki, wani katako mai zurfin santimita 60 da aka kafa a bangon ƙurya, can sama daidai mita 1.8, wato Yaya sai ta taka kujera take ganin abin da ke kai. Bangon hagu shi ne bayan banɗaki. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekara uku na farko

Ranar da suka shiga gidan kwali huɗu ne ba a samu an buɗe ba, aka tura su can ƙurya a kan za a duba in an natsu. Ba a natsu ba. A kansu aka ɗora sauran fentin da aka yi wa falo, sai fankar da ta daina juyawa, sai keken da babban yaron ya fi ƙarfinsa ana jira ƙaramin ya kai, sai katifar baƙi, barguna, littattafan ajin da aka wuce, kwalin talabijin da na blanda wai ko za a mayar in sun lalace. Duk abin da aka ɗauka aka rasa inda za a sa shi, maganar ɗaya ce a gidan, "kai sito". Yara har sun gane ba sai sun shiga ba, a ɗan tura ƙofa a jefa a janyo.

Zuwa ƙarshen shekara ta uku ƙofar ba ta buɗuwa fiye da santimita 30, saboda kaya sun zube a bayanta. Mutum sai ya karkace yake shiga, in ma zai shiga.

Abin bai tsaya a sito ba. Tsintsiya da mofa da bokiti suka koma kicin bayan firij, guduma da filaya suka koma ƙarƙashin gadon maigidan, dutsen guga yana kan teburin falo kullum. Sai kuma sayen abu biyu biyu, don neman salatif a cikin sito ya fi sayen sabo wahala. Wani dare a ƙarshen Disamba wuta ta ɗauke, ƙaramar yarinyar tana kuka, Yaya ta yi minti 25 tana lalube da hasken waya tana neman tocila, da ta same ta kuma ba ta kama ba. A daren ta ce wannan sito sai ta ga bayansa.

Janairu: Asabar ɗaya, daga safe zuwa magariba

Asabar ta biyu a Janairu ta tashi ita da yara biyu manya, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma. Suka fitar da komai, aka share, aka kakkaɓe yanar gizo-gizo, aka goge ƙasa, sannan aka mayar da kayan a jere, manya a ƙasa ƙanana a sama. Abin da aka zubar leda biyu ne, yawanci takardu da fasassun kayan wasa. Kwalaye huɗun nan ba a buɗe su ba, lokaci ya ƙure kuma kowa ya gaji.

Abu biyu ta lura da su a ranar. Akwai wani wari kamar na tsohon tsumma, ta watsa kafur a lunguna. Akwai kuma wani baƙin tabo a gindin bangon hagu, tsawonsa kamar kamu biyu, ta goge shi da ruwan sabulu ta jingina katifa a wurin.

Hoton da ta turo min a daren ya yi kyau, ƙofa a buɗe har bango. Hoto na gaba da na gani a wayarta kwana 19 ne tsakaninsu da na farko, a ciki ƙasan ta sake cika, an ciro jakar tafiya daga tsakiyar jerin sai na saman suka rufto, wanda ya ciro bai mayar ba, na bayansa ya zo ya ɗora nasa a kai.

Maris: robobi takwas

Gwaji na biyu kuɗi aka kashe. Ta sayo manyan robobi masu murfi guda 8, kowace tana cin lita 60, masu kala waɗanda ba a ganin cikinsu. Ta jera su layi biyu a bangon ƙurya, huɗu huɗu a kan juna. Wajen zubawa kuma abin da hannu ya kai shi aka fara sawa, roba ɗaya za ka samu takalman yara da wayar wuta da labule a tare. Uku ta rubuta musu abin da ke ciki da maka, sauran biyar ta ce ai za ta tuna.

A ido ya fi na Janairu kyau nesa ba kusa ba. A aiki kuma, duk mai son abu a robar ƙasa sai ya sauke uku, kowace da nauyinta, a wuri mai duhu da ba ya ɗaukar mutum biyu. In bai tabbata wace roba ba ce sai ya buɗe duka. Ƙanin mijin ya taɓa sauke shida yana neman famfon keke, ya mayar da huɗu, biyu suka kwana a bakin ƙofa mako guda. Yara ba sa iya ɗaga ko ɗaya, to murfin robar sama ya zama sabon wurin jibge kaya. Kwalayen da aka juye ma ba a zubar ba, aka ninke su aka soke a gefe don "za su yi amfani".

A cikin roba biyu na ƙasa ta sa barguna da zannuwan gado da aka wanke a ranar, an taɓa an ji kamar sun bushe, aka danne murfi.

Afrilu: buhun maigida

Tsakiyar Afrilu maigidan ya yi tafiyar kwana uku. Akwai wani buhu nasa a sito cike da wayoyi, tsofaffin caja, soket, ƙusoshi, rimot ɗin abubuwan da ba su ma gidan yanzu. Yaya ta leƙa ta ga shirgi, ta ba masu kwasar shara gaba ɗaya.

Bayan mako biyu ya zo zai kafa labule yana neman cajar injin huda bango. Tana cikin buhun. Haka rasit da katin garantin firij, ya ninke su a wata leda ya jefa ciki tun ranar da aka saya.

"Baban yara, wallahi tarkace na gani, gyara nake," in ji ta.

Ya ce, "Gyara kayanka aka ce, ba a ce sauke mu zubar ba. Kin tambaye ni?"

Ba a yi hayaniya sosai ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne, amma ya ce daga yau kada wanda ya sake taɓa masa ko ƙusa, ita kuma ta ce to ta cire hannunta, sito ya zama yadda ya ga dama. Kusan mako shida ba wanda ya gyara komai a ciki. Jefawa dai ba a daina ba.

8 ga Yuni: ranar da aka ciro katifa

Baƙuwa za ta kwana, aka je ɗauko katifa. Gefen da ya jingina da bangon hagu ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, daga ƙasa har kusan rabi. Tabon da ke kamu biyu a Janairu ya haura ya kai gwiwar mutum, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Da aka ja kwalaye huɗun nan na ƙurya gindin biyu ya zube a hannu, kyankyasai suka watse ta ko'ina. A ɗaya daga ciki aka samu fayil mai takardun haihuwar yara biyu da Yaya ta daɗe tana zaton sun ɓace wajen tashi daga tsohon gida, sun jiƙe gefe amma ana karanta su. Bargunan cikin roba suma sun yi ɗigo-ɗigon fumfuna, wari ba a magana.

Mai gyaran famfo ya zo washegari, ya ɗan fasa bango ta ɓangaren sito ya samu wani mahaɗin bututu yana tsiyaya a hankali, irin ɗigon da ba ya taruwa ya zama ruwa a ƙasa, bango ne kawai yake sha. Ya ce daga yadda siminti ya yi laushi abin ya daɗe.

Sauran abubuwan da suka fito a ranar, kamar yadda ta rubuta su:

Ƙaramar tukunyar gas da saura a ciki, a can bayan keke, kowa ya manta da ita. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwanciya, kuma ɗakin nan ba ta inda zai fita.

Bokiti ɗaya da bilic da ruwan wanke masai a tare, murfin ɗaya bai rufu ba. Yawancin ruwan wanke masai asid ne, in ya haɗu da bilic iskar kulorin yake fitarwa, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu.

Tocila biyu da rediyo ɗaya da batir ya fashe a ciki ya yi farin gari, ya cinye ƙarfen da batir ke taɓawa. Dalilin da ya sa tocilar Disamba ba ta kama ba kenan. Da fawa bank ɗaya da ya kumbura har murfinsa ya ɗage.

Ƙwayoyin kafur a ƙasa, inda yarinya 'yar shekara uku take iya kai hannu, farare kamar alawa, alhali guba ne in aka haɗiye.

Ƙanin mijin ya aro ƙaramar na'urar auna danshin iska ya bar ta a ciki kwana ɗaya da ƙofa a rufe. Ta nuna kashi 78 cikin ɗari. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar danshin cikin gida ya tsaya ƙasa da kashi 60, don daga nan zuwa sama fumfuna take samun yadda take so.

Yuni: kwana 20 kaya suna waje

Bayan an ɗaure bututu aka ce kada a shafe bangon sai ya bushe, a bar ƙofa a buɗe a kunna fanka tana hurawa ciki. Ba yadda za a yi a mayar da kaya. Aka jibge su a lungun falo aka rufa tsohon zanin gado, tukunyar gas aka fitar da ita inda iska ke wucewa, katifa da kwalayen da suka ruɓe aka zubar.

A kwana na biyu babban yaron, ɗan shekara 12, yana wasa da salatif mai kala ya fara manna wa duk abin da aka zo aka ɗauka daga tulin. Yaya ta ga abin ta ce ya ci gaba. Ta kuma zauna da daddare ta ƙirga kayan a littafi, tana haɗa iri ɗaya a layi ɗaya, ya kama layi 140. Da kwana 20 suka cika, layi 23 ne kawai aka taɓa: tsintsiya, mofa, bokiti, tsani, guduma, sukundireba, kwan fitila, ledar shara, lema, famfon keke da ire-irensu.

Ƙirgar ta fito da wasu abubuwa na ban dariya. Salatif 6, almakashi 4, kwan fitila sabbi 11 a wuri uku daban daban alhali ko a watan Mayu sai da aka sayo biyu. Caja 17 bayan waɗanda suka tafi a buhu, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, 4 ke aiki. Gwangwanin fenti 5, uku sun daskare sun zama dutse. Rasit kuma da yawa sun koma farar takarda, irin na injin kanti da zafi yake rubuta su ba tawada ba, ba sa daɗewa a wuri mai ɗumi.

Yuli: Asabar uku, kowa da kayansa

Wannan karon ba ta ce rana ɗaya ba. Awa biyu kowace Asabar, in lokaci ya cika a tashi ko ba a gama ba. Kafin a fara komai aka raba tulin bisa mai shi: na maigida, na Yaya, na yara, na ƙani, sai na gida wanda kowa ke amfani da shi. Sharaɗin da maigidan ya kafa kafin ya yarda ya zauna shi ne mai kaya shi zai yanke hukunci a kan kayansa, ba mai sa baki. Yaya ta ce ta yarda, da sharaɗi nata, cewa wuri za a ba kowa mai iyaka, abin da bai shiga ba mai shi ya san yadda zai yi da shi.

Kowa yana raba nasa gida huɗu, wanda zai zauna, wanda za a bayar, wanda za a zubar, da wanda ya rasa yadda zai yi da shi. Na huɗun kwali ɗaya kacal aka yarda wa kowane babba, a rufe da salatif a rubuta ranar da za a buɗe, wata uku gaba.

Asabar ta farko ta tafi da wahala. Maigidan ya yi minti 40 a kan fankar da ta lalace, yana juya ta yana cewa koyil ne kawai. Yaya ta ce min ta ciji leɓe har ya kusa jini amma ba ta ce uffan ba. A ƙarshe shi da kansa ya ce wa ƙaninsa ya kai wa mai gyara ranar Litinin, in ba ta gyaru ba a bar masa. Ta gyaru, tana ɗakin ƙanin yanzu. Ita ma Yaya da aka zo kan kayan jarirai sai ga ta tana ninkewa tana warwarewa, ta ce ashe ba shi kaɗai ba ne. Riga uku ta ajiye, sauran ta bayar.

Abu ɗaya da ta dage a kai, kayan bayarwa da na zubarwa ba sa kwana biyu a gidan. A Janairu ta ware wata leda ta bayarwa ta ajiye a bakin ƙofa, a Yuni aka same ta a cikin sito. Batir da fawa bank ɗin da ya kumbura ba a haɗa su da sharar gida ba, ƙanin ya kai su inda ake karɓar irinsu.

Daga layi 140, 61 ne suka rage don komawa sito. Wasu 14 sun zauna a gidan amma wani wuri: takardu masu muhimmanci suka koma fayil ɗin roba a durowar ɗakin kwana, aka ɗauki hotonsu a waya, magunguna suka koma saman wadirob, littattafan da ake karantawa suka koma ɗakin yara.

Ƙarshen Yuli: kafinta da mai wuta

Sai da aka san abin da zai koma sannan aka kira kafinta. Yaya ta auna kayan da tef kafin ya zo, tsayin bokiti, tsayin gwangwani, faɗin akwatin kayan aiki, ta ba shi a rubuce.

Ya cire tsohuwar kantar nan mai zurfi. A bangon hagu, bayan an shafe an yi fenti, ya kafa kanta 5, zurfin santimita 30, tsawon mita 1.4 kowace, ya bar ɗan rata tsakaninsu da bango don iska. A bangon ƙurya kanta 4, zurfin santimita 40, tsawon mita 1.2. In aka haɗa, tsawon kanta ya tashi daga mita 1.2 zuwa mita 11.8 a ɗaki ɗaya. Ta ƙasa duka santimita 15 take sama da daɓe, yadda tsintsiya za ta shiga kuma in ruwa ya zuba ba zai taɓa kaya ba. Duka da ƙusar bango aka ɗaure su, saboda yara in suka ga kanta tsani suke gani. Bangon dama maratayi kawai aka jera, na tsintsiya, mofa, lema, tsani. Hanyar da ta rage a tsakiya kusan santimita 75.

Ƙofa ya juya ta ta koma buɗewa ta waje, ya huda ramuka a samanta da ƙasanta ya sa raga. Mai wuta ya ja waya ya sa kwan LED ɗaya a silin, makunnin a waje gefen ƙofa.

Wajen jerawa salatif ɗin yaron nan aka bi. Duk abin da ke da alama ya samu wuri tsakanin ƙugu da ido, kusa da ƙofa. Masu nauyi ƙasa. Waɗanda sai shekara shekara ake nema, jakar tafiya da barguna, sama. Bilic a kanta ta huɗu ta hagu inda yara ba sa kai wa, ruwan wanke masai ya koma banɗaki a sama, ba su ƙara zama wuri ɗaya ba. Daga robobi takwas uku aka riƙe don barguna da labule, bayan an shanya su yini biyu a rana, kowace a kantarta ba a ɗora wata a kan wata ba. Biyar aka bayar. Ƙananan kaya suka shiga ƙananan kwanduna marasa murfi, iri ɗaya a kwando ɗaya. Kwali bai koma ba ban da guda uku na "ban sani ba", su ma a sama. Tocila aka cire mata batir aka ɗaure su a jikinta da roba, aka rataye ta a ƙusa ta farko daga ƙofa, inda hannu zai same ta ko a duhu.

Maigidan ya samu kanta guda cur ta ƙurya. Yaya ba ta taɓa ta, ko ƙura ba ta gogewa.

Doka ɗaya aka kafa wa gidan: ba a ajiye komai a ƙasan sito.

Agusta zuwa Oktoba

Agusta lafiya lau, amma Janairu ma ta yi kwana 19 lafiya, don haka ba wanda ya yi murna tukuna. Na'urar danshi da aka sake arowa tsakiyar watan ta nuna tsakanin 57 da 62 cikin kwana uku. Warin ya tafi, ba a sake sa kafur ba.

Satumba aka samu tangarɗa. Komawa makaranta, tsofaffin jakunkuna da takalma da littattafan bara suka taru a ƙasan sito cikin mako ɗaya, ledoji biyar. Bambancin shi ne da fitila da ƙasa a share, leda biyar ana ganinsu daga bakin ƙofa. Ranar Lahadi aka yi minti 20 aka raba su. Daga nan Yaya ta sa wani kwando a kantar ƙasa kusa da ƙofa na kayan da za su fita daga gidan, in ya cika a fitar, ta kuma mayar da duba sito aikin Lahadin farko na kowane wata, minti 10 zuwa 15, yara ke yi tana tsaye.

Rubutun da ta manna a bakin kantoci bai yi wa yaran biyu ƙanana aiki ba, ɗaya ba ta fara karatu ba ɗayan ba ya tsayawa ya karanta. Babban ya zana hotuna, almakashi, kwan fitila, takalmi, aka manna. Zanen bai yi kyau ba amma ana ganewa.

An yi nadama ɗaya da na sani. Wata ƙaramar kula da ta bayar a Yuli, a Satumba aka buƙace ta don tafiya, sai aro aka yi.

Ƙarshen Oktoba aka buɗe kwalaye uku. Yaya ta ciro abu biyu daga nata ta bayar da saura. Ƙanin ya ce bai ma tuna me ke cikin nasa ba, a bayar kawai. Maigidan ya buɗe nasa ya duba ya rufe, ya soke ranar ya rubuta Janairu. Tsintsiya da mofa suna sito, ƙarƙashin gado ba guduma, ƙofa tana buɗuwa gaba ɗaya. Daga Agusta zuwa lokacin ba a sayi kwan fitila ko salatif ba.

Yadda nake ganin lamarin

Gyaran Janairu ya rushe ne don adadin kayan da suka fita kusan shi ne ya koma, a ɗakin da ba shi da inda za a ɗora abu sai a kan wani abu. Jeri irin wannan mutum na farko da ya ciro na tsakiya ya gama da shi. Robobin Maris kuma sun ƙara wa mayar da kaya wahala, kuma a ganina nan ne gidaje da yawa suke faɗuwa: mai neman abu zai jure ya sauke roba uku don yana buƙata, mai mayarwa ba abin da ke tura shi, in mayarwa ta wuce motsi ɗaya zai ajiye a inda ya fi kusa. Kwando marar murfi a kanta marar zurfi motsi ɗaya ne, har 'yar shekara uku tana yi.

Masana'antun Japan suna da wani tsarin gyaran wurin aiki da ake kira 5S, matakin farko seiri wato ware abin da ake buƙata a fitar da saura, na biyu seiton wato ba kowane abu mazauni, sai shara, sai mayar da abin ƙa'ida, sai ɗorewa a kai. Yaya sau biyu tana farawa daga na biyu da na uku. Ranar da ta gwada na farko kuma a kan kayan wani ta gwada, ya ci mata kusan mako shida da cajar inji. Ba na ce maigidan yana da gaskiya a kan caja 17 ba, amma buhun nasa ne, kuma da aka bar masa hukunci da iyakar kanta ɗaya ya zubar da fiye da abin da ita ta zubar masa.

Ban kuma yarda a ce duk dabara ce ba. Bututun da ya tsiyaya shi ya tilasta kaya suka yi kwana 20 a waje, da ba don haka ba ba za a taɓa ganin cewa layi 23 ake rayuwa da su ba, kuma da wuya maigidan ya zauna a kan tulin da ba ya tare masa falo. Sai dai tabon nan ya nuna kansa tun Janairu, aka rufe shi da katifa aka rufe warin da kafur, wata biyar ɗin da suka biyo baya su suka ci katifa da kwalaye. Da a ranar aka kira mai famfo, da barnar ta tsaya a kamu biyu na fenti.

In aka ce in zaɓi abin da ya fi kowanne tasiri cikin aikin kafinta da mai wuta, fitila da juya ƙofa zan ce, sun fi kantocin ma, don su suka sa ake shiga ɗakin a maimakon a tsaya a bakinsa a jefa. Wata uku dai ba su isa a ce an gama ba, gidan nan ya taɓa yin shekara uku yana tarawa. Da na je makon jiya na leƙa, ƙasa a share take ban da ƙwallo ɗaya, kwalin maigidan yana sama da ranarsa ta Janairu, kantarsa kuma ta fara cika har wata waya tana leƙowa ta gefe, Yaya ta gan ta ta kashe fitila ta ja ƙofa.